Eagles 24, Cowboys 20: tambayoyi da amsoshi kan wasan da ya buɗe kakar NFL ta 2025

Da yawa daga cikin waɗanda suka fara leƙa zari-rugar Amurka a 2025, da wasan Philadelphia Eagles da Dallas Cowboys suka fara, kuma tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne: me ya sa aka kori ɗan wasa tun ba a taɓa ƙwallo ba, me ya sa aka watse daga fili ana tsakiyar wasa, mene ne wannan rukuni da ake ta ambato. An tattara su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Wanda ya riga ya san dokoki zai iya tsallake amsoshi uku na farko.

Wane wasa ne wannan, kuma yaushe aka buga shi?

Wasan farko ne na kakar 2025 a gasar NFL, babbar gasar ƙwararru ta zari-rugar Amurka. An buga shi ranar Alhamis 4 ga Satumba, 2025, a filin Lincoln Financial Field da ke birnin Filadelfiya, gidan Eagles. Eagles ta doke Cowboys da ci 24 da 20.

An sa lokacin take wasa ƙarfe 8:20 na dare agogon gabashin Amurka, wato 1:20 na daren da zai wayi garin Juma'a a Najeriya da Nijar, 12:20 a Ghana. Saboda tsaikon da aka samu, wanda bayaninsa ke tafe a ƙasa, sai da aka haura sha biyun dare a can kafin a tashi. Masu kallo a Kano ko Maraɗi ba su ga ƙarshensa ba sai wajen asuba.

Ban san dokokin ba. Yaya ake tara maki har a kai 24?

Fili yadi 100 ne tsawonsa, yadi kuwa bai cika mita ɗaya ba da kaɗan. A kowane ƙarshe akwai ƙarin yadi 10, nan ne gidan kowace ƙungiya. 'Yan wasa 11 ke shiga daga kowane ɓangare. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu ta ci yadi 10, ko dai ta hanyar rugawa da ƙwallon a hannu ko ta jefa wa wani ya cafe. In ta ci yadi goman, a sake ba ta sabbin yunƙuri huɗu. In ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa, shi ya sa galibi a yunƙuri na huɗu ake buga shi can nesa da ƙafa don kada a miƙa shi a kusa da gida.

Shigar da ƙwallo gidan abokan karawa shi ake kira tacdawun, maki 6 ne, sannan a bi shi da bugun ƙafa mai maki 1. Idan an kasa kaiwa gida amma an matso, ana iya buga ƙwallon ya wuce tsakanin turaku biyu, wannan maki 3 ne. Saboda haka 24 ɗin Eagles tacdawun uku ne da bugun da ke bin kowanne, 21 ke nan, sai bugun maki 3 guda ɗaya. Cowboys kuwa tacdawun biyu, 14, da bugun maki 3 sau biyu.

Wasan zango huɗu ne, kowanne minti 15, amma agogo yana yawan tsayawa, don haka a zahiri yakan ci awa uku. Mutumin da ya fi kowa muhimmanci shi ne kwatabak, wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, shi ne ke jefawa ko ya miƙa wa mai gudu. Na Eagles Jalen Hurts ne, na Cowboys Dak Prescott.

Mene ne rukuni, kuma me ya sa ake ta nanata cewa su biyun 'yan rukuni ɗaya ne?

Ƙungiyoyi 32 ne a NFL, an raba su gida biyu, AFC da NFC, kowane gida 16. A cikin kowane gida akwai rukuni huɗu, gabas, yamma, kudu da arewa, kowane rukuni ƙungiyoyi huɗu. Eagles da Cowboys suna rukunin gabas na NFC, tare da New York Giants da Washington Commanders. Ba a faɗuwa daga gasar, ba a hawowa, kuma ba a sake ƙuri'a duk shekara. Abokan rukuninka na bana su ne na baɗi da na baɗin baɗaɗa.

Kowace ƙungiya wasa 17 kacal take bugawa a kaka, shida daga ciki da 'yan rukuninta ne, gida da waje. Wanda ya zo na ɗaya a rukuni ya samu gurbi a zagayen sili-ɗaya-ƙwale kai tsaye, kuma a gidansa zai fara bugawa. Gurabe bakwai ne a kowane gida: zakarun rukuni huɗu, sai uku da suka fi sauran yawan nasara. To idan ka doke ɗan rukuninku, ka ƙara wa kanka nasara, ka ƙara wa wanda kuke neman kujera ɗaya da shi rashin nasara, sannan ka ajiye abin da za a duba idan kun yi kankankan a ƙarshen kaka. Yadda ake raba wannan gardama yana cikin amsar tambaya ta kusa da ƙarshe.

Dallas ai a jihar Texas take. Me ya kai ta rukunin gabas?

Tarihi ne ya kai ta, taswira ba ta goyi bayan hakan ba. Tsakanin Dallas da Filadelfiya ya fi kilomita 2,000. An kafa Eagles a 1933, Cowboys a 1960, kuma tun farkon shekarun 1960 suke haɗuwa sau biyu a kusan kowace kaka. Da aka sake tsara rukunai a 2002 an cire Arizona Cardinals daga gabas an kai ta yamma, amma aka bar Dallas inda take, domin ba wanda ke son a kashe hamayyarta da Washington da Giants da Eagles.

Hamayyar kuwa mai zafi ce. A Janairun 1981 Eagles ta doke Cowboys 20 da 7 ta samu zuwa Super Bowl ɗinta na farko, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL. A wasan ƙarshe na kakar 2008, wanda ya ci shi ne zai wuce, Eagles ta lallasa ta 44 da 6. Magoya bayan Dallas kuma suna da amsar da ta daɗe tana rufe baki: kofin Super Bowl biyar, na ƙarshe a kakar 1995, alhali Filadelfiya ba ta ɗauki ko ɗaya ba sai a kakar 2017. Wanda ya san yadda gari ke ɗaukar zafi ranar da Kano Pillars za ta karɓi Enyimba ya san irin wannan daren.

Me ya sa aka ba Eagles buɗe kakar, a gidanta kuma?

Don a lokacin ita ke riƙe da kofin Super Bowl. Ranar 9 ga Fabrairu, 2025, ta doke Kansas City Chiefs 40 da 22 a birnin New Orleans, aka zaɓi Hurts gwarzon wasan. Tun 2004 al'adar NFL ce zakara ta buɗe sabuwar kaka ranar Alhamis a gidanta, in ban da shekaru ɗaiɗaiku da wani dalili ya hana. A daren ne ake buɗe tutar kofin a gaban magoya baya kafin a take wasa. Hukumar gasar ce ke zaɓar baƙuwa daga cikin waɗanda dama za su zo wannan fili a kakar, ta zaɓi Dallas.

Da gaske an kori ɗan wasa tun kafin a fara?

Da gaske ne, kuma ba ƙaramin ɗan wasa ba. Jalen Carter shi ne ginshiƙin 'yan bayan Eagles a layin gaba, mutumin da sau da yawa sai an sa mutum biyu su tare shi. An yi bugun buɗe wasa, daƙiƙa shida suka tafi a agogo, sai Ben VanSumeren na Eagles ya ji rauni a gwiwa aka tsaya duba shi. A cikin wannan jiran ne Carter ya tako wajen Prescott, suka yi musayar kalamai, ya tofa masa yawu a riga, alƙalin wasa na tsaye yana gani. Nan take ya jefa ƙyalle rawaya, wanda shi ne alamar laifi a wannan wasa tunda babu kati, aka ba Dallas yadi 15 aka kuma sallami Carter. Ko yunƙuri ɗaya bai buga ba.

Daga baya hoton bidiyo ya nuna Prescott ya fara tofar da yawu a ƙasa ta ɓangaren da 'yan Eagles suke, shi kuma ya ce ba da nufin kowa ya yi ba. Wasu magoya bayan Filadelfiya sun kama wannan suna kare Carter. Ni ban ga abin karewa ba. Tofawa a ƙasa daban, tofa wa mutum a jiki daban, kuma shi kansa Carter ya amsa cewa kuskurensa ne. NFL ta yanke masa dakatarwar wasa ɗaya, ta ce wasan da aka kore shi ya wadatar, sannan ya yi asarar albashin mako, dala 57,222. Ya dawo a mako na biyu.

A wannan wasa korar ɗan wasa ba ta rage yawan 'yan ƙungiya a fili. Wani ke maye gurbinsa, a ci gaba 11 da 11. Abin da Eagles ta rasa ƙwarewarsa ce, kuma an ga giɓin nan da nan, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna.

Yaya makin suka riƙa zuwa?

Kafin hutun rabin lokaci ba wanda ya iya tare wani. Dallas ta ɗauki ƙwallon farko ta bi ta tsakiya, daidai inda Carter ya kamata ya tsaya, Javonte Williams ya shiga daga yadi ɗaya. Hurts ya rama da ƙafarsa. Williams ya sake shiga, Hurts ya sake ramawa da gudu, 14 da 14. Brandon Aubrey ya buga wa Dallas maki 3 daga yadi 41, Saquon Barkley ya ruga yadi 10 ya ba Eagles jagoranci a karon farko, 21 da 17. Ana dab da tafiya hutu Aubrey ya sake bugawa daga yadi 53, aka tafi 21 da 20.

Da aka dawo, Jake Elliott ya buga wa Eagles maki 3 daga yadi 58, wajen mita 53 ke nan. Riƙon ƙwallo takwas na farko a wasan, duk takwas ɗin sun ƙare da maki. Daga wannan bugu na Elliott kuma ba a sake samun ko maki ɗaya ba har aka tashi.

Me ya tsayar da wasan a tsakiya?

Walƙiya da tsawa. Ana wasa a cikin ruwan sama da dusar ƙanƙara a NFL ba tare da an tsaya ba, amma idan aka ga walƙiya kusa da fili dole a tsaya, a shigar da 'yan wasa ɗaki, a umarci 'yan kallo su nemi mafaka. Hakan ta faru saura minti huɗu da 'yan kai a ƙare zango na uku, aka shafe sama da awa ɗaya ana jira.

Ana yawan cewa tsaikon ne ya kashe wasan, kuma akwai ƙamshin gaskiya: jiki ya yi sanyi, fili ya jiƙe, masu horar da 'yan baya sun samu sarari sun gyara abin da ke yoyo. Vic Fangio, mai tsara tsaron Eagles, yana cikin waɗanda suka fi kowa daɗewa a wannan aiki, kuma 'yan bayansa sun dawo da wata fuska daban. Sai dai abin da ya juya wasan ya faru ne kafin tsaikon da ɗan kaɗan, yana cikin amsar tambayar kura-kuran Dallas.

Wa ya ci wa Eagles wasan?

Hurts, kuma da ƙafa fiye da hannu. Ya jefa ƙwallo sau 23, aka cafe 19, yadi 152 kawai, babu tacdawun ta sama. Wanda ya kalli wannan lissafi kaɗai zai ce bai yi wani abin a zo a gani ba. Amma ya ruga yadi 62, ya fi Barkley da ya samu 60, ya shiga gida sau biyu, kuma ko sau ɗaya bai miƙa wa Dallas ƙwallo ba. Dallas ta ja 'yan bayanta baya don hana jifa mai nisa, duk lokacin da Hurts ya duba ya ga an rufe masu cafewa sai ya tsinke da gudu ta giɓin da aka bari. Sau ɗaya ya samu nisan da yake so, ya jefa wa Jahan Dotson yadi 51, daga nan aka samu tacdawun ɗin Barkley. A ƙarshe ma, da ake buƙatar 'yan yaduka a yunƙuri na uku don cinye sauran lokaci, da ƙafarsa ya samo su.

Abin da ya dami magoya baya a daren shi ne A.J. Brown, babban mai cafewa na ƙungiyar, wanda sau ɗaya tak ya karɓi ƙwallo, yadi 8, a mintunan ƙarshe. Eagles ta shiga kakar da sabon mai tsara hari, Kevin Patullo, bayan Kellen Moore ya tafi ya zama babban kocin New Orleans Saints. Mutane da yawa sun ce makon farko ne, za a daidaita. Amsar ƙarshe ta faɗi yadda abin ya kaya.

Wasu na cewa Dallas ce ta zubar da wasan da hannunta. Haka ne?

Akwai wurare biyu da ba za a iya kauce musu ba. Na farko a zango na uku, ana 24 da 20. Miles Sanders, wanda tsohon ɗan Eagles ne, ya ruga yadi 49 ya kai Dallas bakin gidan Filadelfiya. Ko ba a shiga ba, maki 3 kamar suna aljihu. Sai ƙwallo ya suɓuce masa da aka buge shi, Quinyon Mitchell na Eagles ya dira a kai. Jim kaɗan aka tsayar da wasa saboda walƙiya, Dallas ta tafi ɗaki da wannan takaici.

Na biyu CeeDee Lamb ne. Ya cafe ƙwallo bakwai, yadi 110, ya fi kowa a filin, amma a zango na huɗu ƙwallaye sun riƙa taɓa hannunsa suna faɗuwa, har da na ƙarshe a yunƙuri na huɗu, saura ƙasa da minti biyu, inda Prescott ya jefa masa mai nisa ya yi tsalle ya miƙe bai riƙe ba. Prescott ya yi wasa mai kyau, bai jefa wa abokan karawa ko ɗaya ba, kuma ya cancanci fiye da abin da ya samu.

Duk da haka ban yarda a ce kyauta aka ba Eagles ba. Ƙwallon Sanders ba da kansa ya faɗi ba, 'yan bayan Eagles ne suka fizge shi. Ƙungiyar da aka kore mata ɗan baya mafi ƙarfi, ta kuma tara laifuffukan da suka ci mata fiye da yadi 100, amma ta hana Dallas ko maki ɗaya a rabin wasa na biyu, ta yi aikin da ya isa a ba ta nasara.

Ina Micah Parsons? Na ji ana ta kiran sunansa alhali bai buga ba.

Mako ɗaya kafin wasan, ranar 28 ga Agusta, Jerry Jones, mai ƙungiyar Cowboys tun 1989, ya miƙa Parsons ga Green Bay Packers bayan doguwar taƙaddama kan kwantiragi. Dallas ta karɓi Kenny Clark da damar zaɓen sabbin 'yan wasa biyu a zagayen farko. Parsons gwani ne wajen kai wa kwatabak farmaki kafin ya jefa, kuma a kowace kakarsa huɗu a Dallas ya kayar da su aƙalla sau 12. Yana da saurin da zai bi Hurts idan ya fita da gudu, abin da Dallas ta rasa a daren. Ba wanda zai iya rantsewa da ya buga da sakamakon ya sauya, amma a wasan da aka ci da tazarar maki huɗu, wanda kuma gudun kwatabak ne ya yanke shi, ba a yi mamakin jin sunansa a bakin kowa ba. Brian Schottenheimer, wanda wannan ne wasansa na farko a matsayin babban koci, da abin da aka bar masa ya shiga fili.

Akwai 'yan asalin Najeriya a wasan?

Akwai. Moro Ojomo na Eagles a Legas aka haife shi, iyayensa suka koma Amurka da shi yana yaro, kuma a layin da Carter ke bugawa yake, don haka korar ta ƙara masa nauyi shi da Jordan Davis. A ɓangaren Dallas akwai Osa Odighizuwa, wanda asalin gidansu Najeriya ne, shi ma a layin gaba na 'yan baya yake. Ga masu karatu a Ghana kuma, Eagles ce ƙungiyar da NFL ta ba izinin tallata kanta a ƙasar tun 2022, shekarar da gasar ta yi sansaninta na farko na neman matasa a Afirka, a Ghana ɗin.

Idan ƙungiyoyi biyu suka gama da nasara daidai, ta ina wannan wasa zai yi amfani?

Ba a lissafin maki uku ko bambancin ƙwallaye a sahun gaba kamar yadda aka saba a ƙwallon ƙafa. Yawan nasara ake dubawa, canjaras kuma rabin nasara ne. Idan 'yan rukuni ɗaya suka yi daidai, abu na farko da ake dubawa shi ne karawar da suka yi tsakaninsu. In kowa ya ci ɗaya, a duba wa ya fi nasara a wasanni shida na cikin rukuni. In nan ma daidai ne, a duba ƙungiyoyin da su biyun suka kara da su, sannan wasannin cikin gidan NFC gaba ɗaya. Nasarar 4 ga Satumba ta shiga ma'auni na farko da na biyu da na huɗu lokaci guda, abin da doke ƙungiyar AFC ba zai ba ka ba. Ta kuma tabbatar Dallas ba za ta iya cin Eagles gida da waje ba a kakar, yadda Eagles ta yi mata a 2024 da ci 34 da 6 da kuma 41 da 7.

To yaya kakar ta ƙare wa su biyun?

Eagles ta ci wasanninta huɗu na farko. Da aka sake haɗuwa a gidan Dallas ranar 23 ga Nuwamba, ta yi gaba da 21 da nema, sai harin ya ƙafe kamar yadda ya ƙafe bayan bugun Elliott a daren farko, Cowboys ta farke duka ta ci 24 da 21. A Satumba 'yan baya sun rufa wa masu hari asiri, a Nuwamba ba su iya ba. Wannan rashin nasara ita ce ta farko cikin uku a jere.

Duk da haka Eagles ta lashe rukunin da nasara 11, rashin nasara 6, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne: rabon da wata ƙungiya ta lashe rukunin gabas na NFC shekara biyu a jere tun 2004, lokacin ma Eagles ce. Dallas ta gama da nasara 7, rashin nasara 9 da canjaras ɗaya, wanda ta yi da Packers ɗin Parsons, 40 da 40, ba ta samu gurbi ba. Tazarar ta yi faɗin da ba a buƙaci ma'aunan raba gardama ba. A zagayen farko na sili-ɗaya-ƙwale, cikin Janairun 2026, San Francisco 49ers ta zo har Filadelfiya ta fitar da Eagles da ci 23 da 19, kuma ba a jima ba koci Nick Sirianni ya sauke Patullo daga aikin tsara hari.